Fadar Windsor: Tarihinta, Hanyar Zuwa Daga Landan, da Wanda Ke Biyan Kuɗin Riƙe Ta

Kimanin kilomita 35 yamma da tsakiyar birnin Landan, a kan wani tudun alli da ke kallon Kogin Thames, akwai wani gini da sarakunan Ingila suka shafe fiye da shekara 900 suna kwana a cikinsa. Fadar Windsor ke nan, wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa kuma mafi girma cikin fadoji masu ganuwa da har yau ake zaune a cikinsu a duniya. Faɗinta ya kai eka 13, ɗakunanta kuma sun tasam ma 1,000. Wanda ya bar Landan da hantsi zai iya zagaya ta, ya ci abincin rana a garin, ya koma masaukinsa kafin dare.

Yawancin maziyarta suna zuwa ne don kallon sojoji masu jajayen riguna da kuma kabarin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Sai dai fadar tana ɗauke da abin da ya wuce wannan. Daga nan wani sarki ya fita ya sa hatimi a kan takardar da ta fara ɗaure hannun mai mulki da doka. A nan aka tsare wani sarkin kafin a sare kansa. A nan kuma gawar wani yariman Habasha take kwance, bayan ƙasarsa ta nemi a mayar mata da ita an ƙi.

Dalilin gina ta

A shekarar 1066 William, basaraken yankin Normandy da ke arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi a filin Hastings. Baƙo ne shi da mayaƙansa, harshensu daban, kuma ba su da yawa idan aka kwatanta da mutanen da suka ci da yaƙi. Don haka ya kewaye Landan da jerin sansanoni masu ganuwa, kowanne yana da nisan tafiyar yini ɗaya daga birnin, ta yadda dakaru za su iya kai ɗauki da zarar an yi bore. Windsor, wadda aka fara ginawa wajen shekarar 1070, ita ce mai tsare hanyar yamma da kuma kogin da ke kai kaya cikin birni.

Tsarin farko mai sauƙi ne. An tara ƙasa aka yi tudu a tsakiya, aka kafa hasumiyar katako a bisansa, aka yi fili biyu a gefe da gefe, aka zagaye su da shinge da gwalalo. Wannan fasali na tudu a tsakiya da farfajiya biyu shi ne har yau ƙashin bayan fadar, duk da sauye-sauyen da aka yi ta yi mata.

Sarki Henry na Ɗaya ne ya fara mayar da sansanin gidan zama a farkon ƙarni na 12, a nan ma ya ɗaura aurensa na biyu a 1121. Jikansa Henry na Biyu ya maye gurbin katako da dutse a shekarun 1160 da 1170, ya gina Zagayayyiyar Hasumiya da ke kan tudun.

Sarki John da takardar Magna Carta

A farkon ƙarni na 13 Sarki John ya yi asarar mafi yawan yankunan da kakanninsa suka mallaka a Faransa, ya kuma matsa wa manyan hakiman ƙasarsa da haraji don ya sake yaƙi. Yakan ƙwace dukiya, ya tsare mutane ba tare da shari'a ba. A 1215 hakiman suka yi masa tawaye, suka kama Landan. John ya fake a Windsor, daga nan yake fita zuwa wata fadama da ke bakin kogi mai suna Runnymede domin tattaunawa da su. Ranar 15 ga Yuni, 1215, ya amince da takardar da daga baya aka sani da Magna Carta.

Mafi shahara cikin sassanta shi ne wanda ya hana kama ɗan ƙasa mai 'yanci, ko ɗaure shi, ko ƙwace masa dukiya, sai bayan hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Wani sashen kuma ya hana sarki sayar da adalci, ko hana shi, ko jan ƙafa a kansa. A zamanin, kariyar ba ta kai ga mafi yawan manoman da ke ɗaure da gonakin iyayen gidansu ba. Ita kanta yarjejeniyar ba ta yi wata uku ba Paparoma Innocent na Uku ya soke ta bisa roƙon John. Yaƙi ya ɓarke, kuma a 1216 dakarun hakimai da na Faransa suka yi wa Windsor ƙawanya har kusan wata biyu, suna jifan ganuwarta da duwatsu daga manyan majaujawa, amma ba su iya cin ta ba. Bayan mutuwar John a wannan shekarar aka sake fitar da takardar da gyare-gyare, ta shiga jikin dokokin Ingila. Ta wannan hanyar ne aƙidarta ta isa ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, ciki har da Najeriya da Gana, inda kundin tsarin mulki ya tanadi 'yancin walwala da na samun shari'a ta adalci.

Edward na Uku da gina fada da ribar yaƙi

An haifi Edward na Uku a cikin fadar a 1312, kuma shi ne ya mayar da ita daga sansanin soja zuwa gidan sarauta na alfarma. Tsakanin 1350 da 1377 ya kashe kimanin fam 50,000 a kanta, kuɗin da ba a taɓa ganin wani sarkin Ingila na ƙarnukan tsakiya ya zuba a gini guda ba. Nasarorinsa a yaƙi da Faransa sun taimaka wajen samar da dukiyar. An kama Sarki John na Biyu na Faransa a yaƙin Poitiers a 1356, aka kawo shi Ingila ana jiran kuɗin fansa, Windsor na cikin wuraren da ya zauna. Aikin ya zo ne bayan annobar da ta hallaka ɗimbin jama'ar Turai a 1348 da 1349, ma'aikata suka yi ƙaranci, har sai da aka riƙa tilasta wa magina daga sassan ƙasar zuwa yin aikin sarki.

A 1348 Edward ya kafa ƙungiyar baraden Garter, wadda har yau ita ce lambar girma mafi daraja irinta a Ingila. Mambobinta na asali ba sa wuce 24, ban da sarki da yarima mai jiran gado, kuma sarki ne kaɗai ke zaɓarsu. Cibiyarta ita ce Majami'ar St George da ke cikin fadar, wadda Edward na Huɗu ya fara ginawa a 1475, aka kammala ta a 1528 a zamanin Henry na Takwas.

Ranar da majalisa ta ƙwace fadar

A 1642 yaƙin basasa ya tashi tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki, a kan haraji da addini da kuma iyakar ikon sarki. Dakarun majalisa suka kama Windsor tun farkon yaƙin, suka mayar da ita hedikwatar soja da kurkuku. A ƙarshen 1648 aka kawo Charles kansa gidan kakanninsa a matsayin fursuna. An yi masa shari'a a Landan, aka sare kansa ranar 30 ga Janairu, 1649, aka dawo da gawarsa Windsor aka binne a Majami'ar St George ba tare da wani biki ba. Ingila ta zauna shekara 11 babu sarki.

Da aka maido da sarauta a 1660, ɗansa Charles na Biyu ya sake ƙawata ɗakunan baƙi da zane-zane da sassaƙa, ya kuma fara shimfiɗa doguwar hanyar nan mai jerin itatuwa da ta miƙe daga ƙofar fadar zuwa kudu har fiye da kilomita 4.

Yawancin abin da ido ke gani daga nesa a yau aikin shekarun 1820 ne. Sarki George na Huɗu da mai tsara gine-gine Jeffry Wyatville sun ƙara wa Zagayayyiyar Hasumiya tsawon kusan mita 9, suka ƙara sorayen tsaro da hasumiyoyi domin ginin ya yi kama da yadda mutanen zamaninsu suke hasashen fadar da. Harsashin da tsarin na ƙarnukan tsakiya ne, amma kaso mai yawa na fuskar ginin bai kai shekara 210 ba.

Sunan gidan sarautar ma daga nan aka aro shi. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙiyayyar Jamus ta yi ƙarfi a Birtaniya, ga shi kuma sunan zuriyar sarki na Jamusanci ne, Saxe-Coburg da Gotha. Sarki George na Biyar ya yar da shi a watan Yuli na wannan shekarar, ya ɗauki sunan Windsor.

Gobarar 1992 da rigimar haraji

Da safiyar 20 ga Nuwamba, 1992, wata fitila mai zafi ta kama labule a ƙaramar majami'ar cikin gida. Wutar ta ci kimanin awa 15, ta lalata ɗakuna 115, tara daga cikinsu manyan ɗakunan baƙi ne, har da Zauren St George inda ake liyafar shugabannin ƙasashe. An yi sa'a an riga an kwashe kaya daga wasu ɗakunan saboda gyaran wayoyin lantarki, sauran kuma ma'aikata da sojoji suka yi ta fitar da su, don haka kaɗan ne cikin kayan tarihi suka ƙone.

Fadar ba ta da inshora. Da ministan da ke kula da kayan tarihi ya bayyana cewa gwamnati ce za ta biya kuɗin gyara, sai jama'a suka harzuƙa, domin ƙasar tana cikin matsin tattalin arziki, Sarauniya kuma ba ta biyan harajin kuɗin shiga. Kwana shida bayan gobarar Firaminista John Major ya shaida wa majalisa cewa Sarauniya za ta fara biyan haraji, matakin da ya ce an soma tattaunawa a kansa tun kafin gobarar. Biyan ya fara a 1993, kuma har yau bisa ganin dama ne, doka ba ta tilasta shi ba. Game da gyaran kuwa, an buɗe Fadar Buckingham ga masu sayen tikiti a karon farko a 1993, aka kuma sa kuɗin shiga harabar Windsor, da nufin samar da kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin. An kammala aikin a Nuwamban 1997 a kan kimanin fam miliyan 37.

Yadda ake zuwa daga Landan

Jirgin ƙasa ne hanya mafi sauƙi, kuma layi biyu ne. Na farko yana tashi daga tashar Paddington zuwa garin Slough, inda ake sauya jirgi a hau wani ƙarami da ke kaiwa tashar Windsor & Eton Central cikin kimanin minti shida. Idan an dace da jirgi mai sauri, tafiyar gaba ɗaya ba ta cika wuce minti 40 ba. Layin Elizabeth ma yana kaiwa Slough daga tsakiyar Landan, ko da yake ya fi yawan tsayawa. Na biyu yana tashi daga tashar Waterloo kai tsaye zuwa Windsor & Eton Riverside, babu sauyin jirgi, amma yana ɗaukar kusan awa ɗaya. Duka tashoshin biyu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙasa zuwa ƙofar fadar, sai dai daga ta bakin kogi akwai hawan tudu.

Windsor tana wajen yankunan da katin Oyster na Landan ke aiki, don haka ya kamata matafiyi ya tanadi tikitinsa tun kafin ya hau. Tikitin zuwa da dawowa da aka saya don bayan cunkoson safiya ya fi araha. Filin jirgin sama na Heathrow yana kusa ƙwarai, shi ya sa jirage ke ta wucewa ƙasa-ƙasa ta saman fadar. Mai mota zai bi babbar hanyar M4, amma wurin ajiye mota a garin yana da tsada kuma yana cika da wuri. 'Yan Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna buƙatar bizar shiga Birtaniya.

Lokutan buɗewa da tikiti

A 'yan shekarun nan ana buɗe fadar daga Alhamis zuwa Litinin, a rufe ta Talata da Laraba. Ana fara shiga da ƙarfe 10 na safe. Daga Maris zuwa Oktoba ana daina karɓar baƙi da ƙarfe 4 na yamma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa da ƙarfe 3. Da yake gidan aiki ne na sarki, akan rufe ta gaba ɗaya ko wani sashe nata idan akwai baƙon gwamnati ko bikin ba da lambar girma, don haka duba jadawalin shafin intanet na Royal Collection Trust kafin tashi yana hana zuwan banza.

Tikitin babba ya kai wajen fam 30 zuwa sama, kuma saye tun kafin ranar ya fi saye a ƙofa sauƙi. Akwai ragi ga yara da matasa. Kuɗin ya haɗa da na'urar saurare mai bayanin kowane ɗaki. Wanda ya saya kai tsaye daga hukumar zai iya mayar da tikitinsa na shiga kyauta har tsawon shekara guda. Ana binciken jaka da jiki irin na filin jirgin sama, an kuma hana ɗaukar hoto a cikin ɗakunan baƙi da cikin majami'a. Tsaron yana da dalili: a ranar Kirsimeti ta 2021 an kama wani matashi a harabar ɗauke da baka, ya ce ya zo kashe Sarauniya ne don ramuwar kisan kiyashin da sojojin Birtaniya suka yi a Amritsar ta Indiya a 1919. Kotu ta yanke masa shekara tara bisa laifin cin amanar ƙasa.

Abin da ake gani a ciki

Tutar da ke kan Zagayayyiyar Hasumiya ita ce ke faɗin ko mai gida yana nan. Idan tutar sarki ce mai launin ja da ruwan zinare da shuɗi, yana ciki. Idan tutar Birtaniya ce, ba ya nan.

Ɗakunan baƙi suna farfajiyar sama. A cikinsu akwai Zauren Waterloo, wanda aka yi don tunawa da cin Napoleon da yaƙi a 1815, da hotunan sarakuna da janar-janar na ƙasashen da suka yi taron dangi a kansa. Akwai Zauren St George da aka sake ginawa bayan gobara, rufinsa cike da tambarin baraden Garter. Farin tambari da babu zane a kansa na wanda aka tuɓe ne saboda laifi. Jikin bango kuma akwai zane-zanen mashahuran masu zane irin su Rubens da Van Dyck da Holbein. Daga kaka zuwa bazara akan buɗe ƙarin ɗakunan da George na Huɗu ya yi wa kansa.

Kusa da nan akwai gidan 'yartsana na Sarauniya Mary, wanda mai tsara gine-gine Edwin Lutyens ya tsara a farkon shekarun 1920. An ƙanƙanta komai sau 12, amma yana da wutar lantarki da ruwan famfo da ke aiki.

Majami'ar St George tana farfajiyar ƙasa. Sarakuna 11 ne ke kwance a cikinta, ciki har da Henry na Takwas da Charles na Ɗaya da Elizabeth ta Biyu, wadda aka binne ranar 19 ga Satumba, 2022, tare da iyayenta da mijinta. A nan aka ɗaura auren Yarima Harry da Meghan Markle a 2018. Ranar Lahadi ba a buɗe ta ga masu yawon buɗe ido, sai masu ibada. Sauyin masu gadi kuwa yawanci da ƙarfe 11 na safe ake yin sa a ranakun Talata da Alhamis da Asabar, kuma ana iya kallon jerin gwanon sojojin a kan titin garin ba tare da tikiti ba.

Afirka da Asiya a bayan ganuwar

A watan Afrilun 1868 sojojin Birtaniya suka ci sansanin Maƙdala na Sarki Tewodros na Biyu na Habasha. Sarkin ya kashe kansa, sojoji suka kwashe littattafan coci da gicciye da kambuna, suka kuma tafi da ɗansa Alemayehu mai shekara bakwai. Mahaifiyarsa ta rasu a hanya. Yaron ya tashi a Ingila cikin kaɗaici, ya rasu a birnin Leeds a 1879 yana da shekara 18. Sarauniya Victoria ta sa aka binne shi a Windsor. A 2007 shugaban Habasha Girma Wolde-Giorgis ya rubuta wasiƙa yana neman a mayar da gawar. A 2023 danginsa suka sabunta roƙon, fadar Buckingham ta amsa cewa ba za a iya tono shi ba tare da taɓa kaburburan da ke kewaye da shi ba. A wannan majami'ar ce dai aka taɓa rataye tutar Sarki Haile Selassie, wanda aka shigar cikin baraden Garter a 1954.

Cikin kayan da ake nunawa a fadar akwai kan damisa na zinare daga karagar Tipu Sultan, sarkin Mysore a kudancin Indiya, wanda dakarun kamfanin Birtaniya na Gabashin Indiya suka kashe a 1799, suka farfasa karagarsa suka raba.

Tarihin Najeriya ma ya ratsa nan. A Nuwamban 1850 aka gabatar wa Victoria wata yarinya Bayarabiya mai suna Aina, wadda Sarki Ghezo na Dahomey ya miƙa wa wani kyaftin ɗin sojan ruwa, aka sauya mata suna zuwa Sara Forbes Bonetta, Sarauniya ta ɗauki nauyin karatunta. Shekara guda bayan haka, a Nuwamban 1851, Samuel Ajayi Crowther, wanda aka 'yanto daga jirgin bayi yana yaro, ya gana da Victoria da mijinta Albert a Windsor, suka tattauna cinikin bayi a Legas da halin da Abeokuta ke ciki. Kafin ƙarshen Disamba jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta, suka tuɓe Oba Kosoko suka ɗora Akitoye. Shekara goma bayan haka, a 1861, Birtaniya ta mallake Legas.

Charles na Biyu, wanda ya ƙawata ɗakunan baƙi, shi ne ya ba kamfanin Royal African Company takardar izini a 1672, ƙanensa James yana jagorantarsa. Kamfanin ya yi safarar dubun dubatar 'yan Afirka zuwa gonakin nahiyar Amurka. A Afrilun 2023, bayan jaridar Guardian ta wallafa wata takarda ta 1689 da ke nuna an miƙa wa Sarki William na Uku hannun jarin fam 1,000 a kamfanin, fadar ta ce Sarki Charles na Uku yana goyon bayan bincike kan alaƙar sarauta da cinikin bayi. Taskar takardun gidan sarauta tana cikin Zagayayyiyar Hasumiya, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta Birtaniya ba ta hau kanta ba. Mai bincike sai da izini yake shiga.

Wa ya mallake ta, wa ke biya

Windsor ba dukiyar Charles ba ce ta ƙashin kansa kamar gidajen Balmoral da Sandringham. Yana riƙe da ita ne a matsayinsa na sarki, ba shi da ikon sayar da ita, kuma za ta wuce ga magajinsa. Kuɗin kula da ginin yana fitowa daga kason da baitulmali ke ba gidan sarauta duk shekara bisa dokar 2011, wanda ake lissafawa daga ribar kadarorin Crown Estate. Kason ya tsaya a fam miliyan 86.3 na wasu shekaru, sannan ya haura zuwa fam miliyan 132.1 a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, domin kammala gyaran Fadar Buckingham da aka ƙiyasta a kan fam miliyan 369. Wannan adadi bai haɗa da kuɗin tsaro ba, wanda gwamnati ba ta bayyanawa. Ƙungiyar Republic mai neman a soke sarauta ta daɗe tana cewa ainihin abin da ake kashewa ya ninka wanda ake sanarwa. Masu goyon bayan sarauta kuma suna kafa hujja da kuɗin da maziyarta ke kawowa da kuma ribar Crown Estate da ke shiga baitulmali.

Kuɗin tikiti yana zuwa ne ga Royal Collection Trust, gidauniyar da aka kafa a 1993 don kula da kayan tarihin sarauta. A 2024 ta soke shiga kyauta da mazauna yankin Windsor suka daɗe suna mora, ta mayar da shi rabin kuɗi, abin da ya jawo ƙorafi daga 'yan siyasar yankin.

Saboda gyaran Buckingham, Windsor ce ta karɓi manyan baƙin gwamnati a 2025, ciki har da Emmanuel Macron na Faransa a Yuli da Donald Trump na Amurka a Satumba. A jajibirin ziyarar Trump masu zanga-zanga suka haska hotunansa tare da Jeffrey Epstein a jikin wata hasumiyar fadar, 'yan sanda suka kama mutum huɗu.

Runnymede da Eton

Fadamar Runnymede tana kimanin kilomita 5 daga Windsor, kuma shiga kyauta ne. Babu gini daga zamanin John a wurin. Abin tunawa da Magna Carta da ke can ƙungiyar lauyoyin Amurka ce ta gina shi a 1957, kusa da shi kuma akwai na Shugaba John F. Kennedy da aka buɗe a 1965. Kwafi huɗu ne na takardar 1215 suka rage: biyu a Laburaren Birtaniya da ke Landan, ɗaya a Lincoln, ɗaya a Salisbury.

Ƙetare gadar ƙafa da ke kan Thames kuma sai garin Eton, inda kwalejin da Henry na Shida ya kafa a 1440 don yara marasa galihu 70 take. Yau tana cikin makarantu mafi tsada a ƙasar, kuma ta yaye firaministoci 20, ciki har da David Cameron da Boris Johnson. Marubucin Najeriya Dillibe Onyeama ya kammala karatu a can a 1969, ya wallafa littafi a 1972 kan wariyar launin fatar da ya sha, makarantar ta hana shi sake taka ƙafa a cikinta. Sai a 2020 shugabanta ya nemi afuwarsa.

Yadda za a tsara yinin

Alhamis ce ranar da ta fi dacewa, domin fadar da majami'ar duk a buɗe suke, akwai sauyin masu gadi, cunkoso kuma bai kai na Asabar ba. Wanda ya tashi daga Landan wajen ƙarfe 9 zai isa kafin a buɗe ƙofa. Zagayen fadar yana cin awa biyu da rabi zuwa uku, kuma gara a fara da majami'a ko a tabbatar an shige ta kafin ƙarfe 4, domin tana riga sauran sassan rufewa. Bayan abincin rana sai a zaɓi ɗaya: tattaki a doguwar hanyar itatuwa, ko ƙetarawa Eton, ko ɗaukar tasi zuwa Runnymede. Mai neman masallaci ko abincin halal zai fi samun sauƙi a Slough, inda Musulmi ke da yawa, kuma a kan hanyar komawa Paddington take. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka mai ziyara a lokacin sanyi ya kamata ya fara da wuraren da ke waje, ya tanadi rigar ruwa da takalmin da zai jure hawan tudu da daɓen dutse.